Canjin Injin Tsohuwar Mota a Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Tayar da Fijo 504 da Ire-irenta

A Kaduna in ana maganar tsohuwar mota mai daraja, Fijo ce kan gaba. Kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, da ke Kakuri ya fara harhaɗa motoci a 1975, bai kuma daina fitar da 504 ba sai wajen 2006, bayan Faransa ta daɗe da barin ta. Shi ya sa har yau ba a rasa ta a fake a bayan gida, daga Tudun Wada zuwa Barnawa, tayu sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Duk wanda ya tashi tayar da irinta, bayan maganar tsatsa da fenti, tambayar injin ce ke hana shi barci. Yawancin amsoshin nan a kan 504 suke, amma mai Marsandi da mai Bitil da mai Land Rover ma za su sami nasu.

Malam, 504 ce ta mahaifinmu, ta daɗe ba a tayar da ita ba. Injin zan canja ko gyara shi zan yi?

Kada ka yanke hukunci tun ba a buɗe bonet ba. Daɗewa a kwance ba ita ce mutuwar injin ba. Sau da yawa abin da ya ajiye motar kulochi ne, ko takardu, ko mai ita ya sayi wata, ko rasuwa ta gitta magada suka bar ta. Abin da ba a so shi ne a kawo batir a ɗaura a yi ta murza makulli. Bakin man da ke jikin silinda ya riga ya tsiyaye, fetur ɗin tanki ya zama danƙo, in kuwa ringi sun manne da tsatsa, bugun kik ɗaya ya isa ya karya su.

A cire fulogi huɗun, a zuba ɗan bakin mai a kowane rami, a bar shi ya jiƙa kwana biyu ko uku. Sannan a sa sufana a fulin karanshaf a juya da hannu. In ya zagaya bai cije ba, to, alhamdu lillahi. A juye tsohon mai, a sa sabuwar filta, a wanke kafireto, a ba shi fetur daga galan, ba daga tanki ba. In ya tashi, a auna kamfireshan na kowace silinda da geji. Abin dubawa shi ne kusancin lambobin da juna: in tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, injin yana da sauran rai. Silindar da ta nuna rauni a ɗiga mata mai a sake aunawa. In lambar ta tashi, ringi ne suka gaji. In ba ta motsa ba, matsalar tana bawul ko gasket.

Me ya sa kuke nacewa a kan a gyara na asali? Ai sabo ya fi tsoho.

Wane sabon? Wanda za ka sayo a kasuwa ma tsoho ne, sai dai kai ba ka san tarihinsa ba.

Injin 504 kuwa, ko XM mai lita 1.8 ko XN1 mai lita 2.0, tun daga ƙirarsa an yi shi ne don a riƙa sabunta shi. Bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, amma fistin ba sa gogar jikin bulok. A cikin silif suke gudu, shi kuma silif zare shi ake yi a sa wani, ruwan sanyaya injin na zagaye shi kai tsaye. A injin da ba haka yake ba, in silinda ta cinye sai an kai bulok wurin masu injin huda sun faɗaɗa ramin an nemo fistin mafi girma. A na Fijo saiti guda ake saye, silif da fistin da ringi, a ɗaura, silinda ta koma yadda ta fito daga kamfani. A gyara karanshaf in yana da zane, a sa mital, wato boris ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, daidai da awonsa, a canja sarƙar taimin da famfon mai, a wasa bawul. Kanikawan Kaduna da suka yi zamani da motocin tasha da na gwamnati sun yi wannan aiki har ya zame masu jiki.

Wuri ɗaya ne aikin ke son hannun gwani. Kowane silif yana zaune ne a kan wani siririn sil a ƙasansa, kuma dole kansa ya ɗan ɗara saman bulok da wani ƙanƙanin awo, don gasket ta danne shi. Geji ke auna wannan, ba ido ba. Haka kuma da zarar an cire tof silinda, ba a juya karanshaf sai an danne silif ɗin da kusa da wosha. In aka juya haka nan, fistin zai ɗago silif, sil ɗin ƙasa ya ɓaci, ruwa ya fara sauka cikin bakin mai bayan an gama haɗa komai. Yawancin masu cewa "an yi mini obahol bai yi ba" nan aka cuce su.

To yaushe ne za a ce injin ya wuce gyara?

In kwanrod ta fasa bulok ta leƙo waje. In tsatsa ta cinye mazaunin silif har sil ba zai kama ba, wanda shi ne ƙarshen injin da ya sha ruwan rijiya shekara da shekaru. In karanshaf ya tsage, ko an goge shi har ya wuce awon mital na ƙarshe. Tof silinda kuwa, da yake na alminiyam ne, yakan lanƙwashe in ya sha zafi, yakan kuma rube ta hanyoyin ruwa, amma shi kaɗai bai isa a jefar da injin ba. Ana samun wani a ɗora. Ko bulok ɗin ne ya tafi, sau da yawa haf injin, wato wani bulok da kayan cikinsa, ya wadatar, ka mayar da kafireto da distiributa da altanetarka a kai.

In canjin ya zama dole, wanne ne zai shiga ba tare da wahala ba?

Ɗan gidansu. XN1 na wata 504 shi ne na farko. Na 505, wadda ta fito a 1979, shi ma XN1 ne a yawancin masu kafireto, kuma yana zama da ɗan gyara kaɗan: a duba kaskon mai na ƙasa, da injin sit, da bakin salansa, wanda bai yi daidai ba a mayar da na tsohon. Mai 1.8 da ke son ƙarin ƙarfi zai iya hawa zuwa 2.0 hankali kwance. Mai 404 ma, da injinta XC mai 1618 cc, dangin nan ne.

Amma ba duk injin da aka ciro daga 505 ne ɗan gidan ba. Akwai masu lita 2.0 da 2.2 na alminiyam zalla, masu bel ɗin taimin maimakon sarƙa, waɗanda Peugeot ta yi tarayya da Renault a kansu. Zamansu daban, bakin giyabos ɗinsu daban. In shi kake so, ka saye shi da giyarsa da wayoyinsa da duk tarkacensa daga mota guda. Haka nan injin fetur na J5, motar 'yan kayan gwari: asalinsa ɗaya da na 504, amma a gicciye yake zaune yana jan tayun gaba, don haka kayan jikinsa na waje ba ɗaya ba ne. Kada dillali ya ce maka "duk Fijo ce" ka biya kuɗi.

Bakanikena ya ce in sa na Toyota in huta. Me kuka gani?

Yana da hujjarsa. Injinan Hilux da Hiace, irin su 22R mai lita 2.4, da 3Y da 4Y, da 3RZ mai lita 2.7, suna da juriya, kayansu kuma ana samu a kowane gari da ke da tasha. A tsawon mota suke zama, ba a gicciye ba, suna tura tayun baya kamar 504. A takarda abin ya yi kyau.

A cikin gareji ne ake ganin sauran. Na farko, injin Fijo a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45, shi ya ba bonet ɗin 504 damar yin ƙasa. Na Toyota a miƙe yake, sai ka ga kansa na neman taɓa bonet, kaskon mansa kuma na karo da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin injin ko da sitiyari. Daga nan ake fara yanka da walda.

Na biyu ya fi wannan nauyi. A yawancin 504, furofela, sandar da ke kai juyin giya zuwa tayun baya, ba a fili take ba. Tana cikin wani ƙaƙƙarfan bututun ƙarfe da ya haɗe bayan giyabos da aksul ɗin baya. Bututun ba murfi ba ne kawai; yana cikin abin da ke riƙe aksul a mazauninsa sa'ad da injin ke murɗa shi. Giyar Toyota ba ta san da wannan tsari ba. Saboda haka hanya biyu ce. Ko a sassaƙa farantin ƙarfe da zai haɗa injin Toyota da giyar Fijo, a daidaita fulawil da kulochi, wanda in aka kuskure tsakiya da ko ɗan ƙanƙani ne giyar za ta yi ta cin boris. Ita ma giyar 504, wato BA7, ba a yi ta don ƙarfin lita 2.7 ba. Ko kuma a sa injin da giyarsa, a cire bututun, a ƙera wa aksul wasu hannuwan da za su riƙe shi. Wannan aikin injiniya ne, ba na mai waldan bakin titi ba. An sha ganin motar da aka yi wa haka da ka, tana tashi lafiya, amma da an taka mai sai bayanta ya riƙa karkarwa.

A ganina, in fikof ce da za ta yi jigilar hatsi daga ƙauye kowace ranar kasuwa, canjin na iya biyan kansa. In kuwa salun ce da kake tayarwa don tarihin gidanku, ka bar ta da injin gidansu.

Na 406 fa, ko na Camry? Suna da yawa a kasuwa.

Yawansu ba ya nufin za su shiga. An yi su ne su zauna a gicciye su ja tayun gaba. Kafin a juya su su fuskanci baya sai an canja kaskon mai, da hanyar ruwa, da bakin iska, da injin sit, a kuma nemo giyar da za ta karɓe su. Ana iyawa, amma kuɗin aikin zai ninka na injin. Ka bar wannan.

Ina tunanin mayar da ita dizal.

Peugeot da kanta ta yi 504 mai dizal, da injinan Indenor, irin su XD2 mai lita 2.3, sannan 505 ta zo da XD3 mai lita 2.5. Don haka wannan ba baƙon abu ba ne a jikin motar. Sai dai canjin bai tsaya a injin ba. Dizal ya fi nauyi, dole sifirin gaba su dace da shi. Yana son batir babba da kik mai ƙarfi, da wayoyin hita na tayarwa. Tanki na buƙatar wanki sarai da layin da zai mayar da rarar mai, da filta mai raba ruwa. Ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, saboda haka in aka bar aksul ɗin fetur, a hanyar Zariya za ka ji yana ihu motar ba ta tafiya. Abin da aka fi mantawa kuwa shi ne burki: bustar burki tana aiki ne da zuƙar iskar da injin fetur ke yi, dizal kuwa ba ya yin ta, sai an sa masa famfon zuƙa na musamman. In babu shi, feda za ta yi tauri ka taka da duk ƙarfinka motar tana tafiya.

Sannan ka yi lissafi da farashin yau. XD2 dokinsa wajen 70 ne, ba gudu gare shi ba, man dizal kuma ya daɗe da daina zama mai araha a Najeriya. Motar da za ta riƙa fita ranar Juma'a da ranar biki ba za ta taɓa mayar da kuɗin wannan canji ba.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na gudun kafireto. Ba gara in sa mai nozul da birenbos ba?

Injin nozul mai lafiya ya fi mai kafireto tsimin mai, ba musu. Amma kafin ka kai can, ka tabbata naka shan gaskiya yake yi. Kafireton Solex ta 504 da ta shekara talatin, maƙogwaronta ya sassauta, an faɗaɗa jet da allura, taimin ya goce, an cire tamostat, dole ta sha mai fiye da ƙima. Gyaran waɗannan da mayar da distiributa ta lantarki maimakon mai kwantak yakan rage shan sosai, da kuɗi kaɗan.

In ka dage sai mai birenbos, ka sani ba injin kaɗai za ka saya ba. Kana buƙatar birenbos ɗinsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, da cikakkun wayoyinsa ba waɗanda aka datse da adda ba, da na'urorin awon iska da zafi, da makullinsa in yana da tsaron sata. Kafireto na karɓar fetur da ɗan matsi kaɗan, nozul kuwa na son matsin da ya kai wajen bar 3 a geji, don haka sai sabon famfo da tiyo masu jure matsi da layin komawa tanki. Tiyon da aka ɗaure da waya a nan gobara ce. Ka nemo rewaya da ya san aikin tun kafin ka sayi injin, ba bayan an ɗora ba.

Masu tambayar iskar gas ta CNG kuma: injin kafireto yana karɓar ta cikin sauƙi, ƙarfi yakan ɗan ragu, bawul kuma na son a riƙa duba tazararsu akai-akai. Tukunyar tana ɗauke da matsi na bar 200, tana da nauyi, tana cin rabin but. Ba a sa ta sai a cibiyar da aka amince da ita, ba a kuma kusantar tukunyar girki ko wadda aka yi wa walda.

A ina ake samun injin, kuma na Beljiyam ya fi na gida?

A cikin gari ana farawa da Panteka, da 'yan kayan gyara na Oriakpata, da garejojin Kurmin Mashi da Kakuri. In ba a dace ba sai Kofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi.

Ga injin Toyota ko na Marsandi, na Beljiyam na gaske yakan fi, don bai sha ƙurar hunturu da jabun mai ba. Ga 504 kuwa lissafin ya juya. Turai ta daina yin salun ɗin tun farkon shekarun 1980, wanda ya rage a can yana hannun masu tara tsofaffin motoci. Mafi yawan abin da za a nuna maka a ce na waje ne, na gida ne aka wanke da fetur aka fesa masa fenti. Gara ka sayi na gida da sunansa na gida, a farashinsa, da niyyar buɗe shi. Mafi alheri ma shi ne ka sami motar da hatsari ko tsatsa ta kashe jikinta injin na aiki, ka saye ta ɗungurungum, ka ji kukansa a kan titi kafin a sauke shi.

Wani abin lura ga injin da ya fito daga Japan ko Ingila: motocinsu sitiyarin dama ne, mu kuwa tun 1972 muka koma na hagu. Wani lokaci kik ko bakin salansa yakan faɗo daidai inda sandar sitiyarinka take.

Yaya zan gwada shi kafin in biya?

Ka je da bakanikenka, ba wanda mai shago ya kira maka ba. Ka ce a tayar da shi a ƙasa, kuma ka fara taɓa shi ka ji da sanyi yake, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙwanƙwasa da hayaƙi. Buɗe murfin mai: in ka ga wani abu fari mai kauri a jikinsa, ruwa na haɗuwa da mai. Cire fulogi ka jera su. Wanda ya jiƙe da mai ko ya fi sauran haske ƙal yana ba da labarin silindarsa. A auna kamfireshan a gabanka. A ɗaura gejin matsin mai, don mai kauri da ake zubawa yana rufe bakin mital da suka cinye na ɗan lokaci. Hayaƙi shuɗi mai ne ke ƙonewa, fari mai yawa da ba ya yankewa ruwa ne, baƙi kuwa yawanci saitin mai ne, shi ne mai sauƙi. In ya yarda a kwance kaskon ƙasa, ka duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. Sabon silikon da ya tsattsafo ta gefen gasket alama ce an buɗe shi kwanan nan, sai ka tambayi dalili.

Kwanakin gwaji da za a ba ka a rubuta su a rasit, a kuma fayyace daga ranar da aka ɗora injin za a fara ƙirga ko daga ranar saye. Nan ne rigima ta fi tashi.

Takardu fa? Akwai abin da hukuma ke buƙata?

Akwai. Lambar injin tana cikin takardun motarka tare da lambar shasi. Ka canja injin, takarda ta daina faɗin gaskiya, ranar da ɗan sanda ko jami'in hukumar kula da hanya ta jiha, KASTLEA, ko ta tarayya, FRSC, ya buɗe bonet kai ne da dogon bayani. Ka karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata da lambar injin a rubuce, ka gwada ta da wadda ke jikin bulok harafi da harafi. Injin da aka goge lambarsa ko aka sake buga ta, ko kyauta ne kada ka ɗauka. Bayan an ɗora, ka je ofishin rajistar motoci na hukumar haraji ta jiha, KADIRS, a gyara bayanan, ka sanar da kamfanin inshorarka. In motar gado ce, a gama maganar mallaka tsakanin magada a rubuce kafin ka zuba kuɗinka a ciki.

An ɗora injin, amma yana zafi. Bakanike ya ce a cire tamostat.

Kada ka yarda. Cire tamostat ba ya maganin zafi, ɓoye dalilinsa yake yi, ya kuma bar injin yana aiki da sanyi da safe, yana shan mai yana cin ringi. Lagireton da ya shekara arba'in rabin hanyoyinsa sun toshe da gishirin ruwa. A sake masa ciki ko a sa sabo, in injin ya fi na da girma a ƙara masa layi. A duba murfin lagireto, da famfon ruwa, da fankar 504 mai kama kanta da lantarki in zafi ya kai, da kuma taimin, don wutar da ta makara tana dafa injin. Ruwan sanyaya injin na gaskiya za a zuba, saboda tof ɗin alminiyam ba ya shiri da ruwan rijiya. Gwajin gaskiya shi ne cunkoson Kawo da rana tsaka a watan Afrilu, ko hawan Jos ta Saminaka da mutane cike da mota.

In na ƙara ƙarfin injin, sai na taɓa burki?

Sai ka taɓa. XN1 mai kafireto bai kai doki 100 ba, 3RZ kuwa yana wajen 150, a motar da da yawa daga cikinta burkin baya na ganga ne. Tiyon burki, da masta, da shokozoba, da bushin, da tayu, duk a sabunta su kafin a fita babban titi. Ko injin asali ka bari, wannan aikin yana nan.

Tawa ba Fijo ba ce.

Marsandi W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, tana da dangi mai faɗi: M115 da M102 na fetur a 200 da 230, M110 mai silinda shida a 280, sai na dizal OM615 da OM616 da OM617 mai silinda biyar na 300D. Zaɓi daga cikinsu. M102 yana cikin 190 da V-boot ma, amma a auna kaskon mai da injin sit kafin a ce ya yi.

Bitil, wadda Volkswagen ta harhaɗa a Legas daga 1975, ta fi kowacce sauƙin sauke injin, kusoshi huɗu ke riƙe da shi a jikin giya, kuma 1600 yana maye gurbin 1300 ko 1500. In taka tsohuwa ce mai lantarki bolt 6, fulawil da kik ɗinta sun bambanta da na bolt 12. Ka kama fulin baya ka ja ka tura. In yana wasa har kana jin ƙara, gidan karanshaf ya cinye. Iska ke sanyaya shi, don haka kowane gwangwanin da ke rufe silinda da robar da ke zagaye injin dole su cika. Rashin waɗannan yakan ƙone injin Bitil.

Tsohuwar Land Rover mai lita 2.25 ana yawan sa mata 200Tdi, injin dizal na gidansu, yana kuma yi mata kyau, sai dai giyarta da sandunan aksul ba sa son a fizge su.

Tsohon injin in sayar wa 'yan gwangwan?

A'a, matuƙar kana da inda za ka ajiye shi. Masu sayen tsohuwar mota don tarihinta suna fara duba ko lambar injin ta yi daidai da takardun farko, kuma motar da ke tare da injinta na asali, ko a gefe yake, ta fi wadda aka yanke aka yi wa walda daraja. A juye ruwansa, a zuba mai a silinda, a toshe duk wata kafa, a ɗora shi a kan katako inda ruwan sama ba ya kai. Don haka ma duk canjin da za a yi, a yi shi da kusa, ba da wuta ba, yadda za a iya mayar da komai.

Wa zan ba aikin, kuma me zan yi bayan an gama?

Nemi dattijon da Fijo ce sana'arsa tun yana yaron gareji, ka ga wata motar da ya yi tana tafiya, ka yi magana da mai ita. Ku rubuta abin da za a saya da wanda zai saya, kuɗin aiki a biya kashi-kashi, tsofaffin kayan da aka cire a dawo maka da su. Ranar da za a zaunar da silif da ranar ɗaure tof silinda ka kasance a wurin, ka ga an yi amfani da sufana mai awo an kuma bi kusoshin bisa tsari.

Kilomita 1,000 na farko a tafi a hankali: ban da lodi, ban da jan giya har injin ya yi ƙara, ban da barin sa yana aiki a tsaye na tsawon lokaci, a kuma riƙa sauya gudu. Kowace safiya a duba ruwa da sandar mai. In an cika su, a juye mai a canja filta, a sake ɗaure kusoshin tof silinda da injin a sanyaye, a saita bawul, a sake duba taimin. Filtar iska kuma in hunturu ya shigo a riƙa buɗe ta duk mako biyu.